Fim ɗin Kawu da Waken Kakata

Shekarun baya can, lokacin da kaset ɗin bidiyo ya fara shiga gidaje, ƙanin mahaifiyata ya yi suna a wasan kwaikwayon talabijin. Ɗan barkwanci ne. In ya zo Suleja gaida kakata, kafin ya kai unguwar Wambai jama'a sun tare shi, kowa na dariya tun bai buɗe baki ba.

Wata rana ya ce ya gaji da tsayawa gaban kyamara, zai ba da umarni da kansa. Ya kwaso ma'aikatansa, aka ɗauki rabin fim ɗin a gindin dutsen Zuma, rabi a tsakar gidanmu. Labarin wani mutum ne da ya dawo gida bayan ya daɗe a birni. Kawu ya roƙi kakata ta fito a matsayin uwar mutumin. Ta ce ita ba ta iya ƙarya ba. Ya ce, "Inna, ki zauna kawai ki tsince wakenki." Ta zauna da faifai, tana tsinta tana ɗan waƙa a ciki-ciki, aka bar kyamara a kanta har na fara hamma.

Lokacin ina aiki a Abuja, ina ganin kaina masanin fim saboda ina sayen mujalla. Na ce, "Kawu, wurin nan ya yi tsawo, a rage." Ya ce, "Ɗana, bar shi."

Da fim ya fito, masu sharhi suka yi masa ca. Wani ya rubuta cewa gara mai ba da dariya ya koma sana'arsa, tunda ya bar mutane suna kallon tsohuwa da wake. Kawu ya mayar da abin wasa, amma bai sake ba da umarni ba.

Damina ta gaba kakata ta rasu. Bayan an watse daga zaman makoki, mahaifiyata ta ce a sa mata kaset ɗin. Da aka zo wurin tsintar waken, kowa ya matso kusa da talabijin. Ga Inna, ga yadda take karkata kai, ga waƙar da ta yi wa dukkanmu reno da ita. Mahaifiyata ta ce, "Mayar baya." Ni da na ce a rage, ni na yi ta mayarwa.

Har yau in an tambaye ni ko masu sharhi sun rage wa Kawu daraja, cewa nake ba zan iya adalci ba. Wataƙila fim ɗin yana da nawa. Amma na san mutumin yana da ido.

Bayan ya tsufa na tambaye shi ko ya ji a jikinsa ne cewa Inna ta kusa rasuwa. Ya ce, "Ban san komai ba. Na dai leƙa ta kyamara na ga hannunta ya fara rawa, sai na kasa cewa a tsaya."