Eriyar Lado Maƙeri

Lado maƙeri ne a Dutse, garma da lauje ne sana'arsa. A zamanin Turawa, shekarun da gyaɗa ke tashe, ɗan ƙanwarsa Jaji ya zama direban babbar mota, yana jigilar gyaɗa daga Kafin Hausa zuwa Kano. Can ya sayo akwatin rediyo mai batir, abin da mutanen unguwa ba su taɓa gani ba.

A gida rediyon na magana sarai, don Jaji ya ɗaura doguwar waya daga bishiyar dabino zuwa katanga. Cikin mota kuwa sai shuuu kawai.

"Kawu," in ji Jaji, "ni a hanya nake yini. Ba na iya jan dabino a bayan mota."

Lado ya dubi wayar nan da kyau. "Ita ke kamo maganar?"

"Ita ce. Eriya ake ce mata."

"To, bar mini."

Da farko ya kafa doguwar gora a bayan motar, ya bi ta da waya. Ba su kai Kiyawa ba reshen tsamiya ya karya ta. Ya ƙera sandar ƙarfe gajera, ya ɗaure ta a jikin ƙofa, rediyon ya yi tsit. Matarsa Zinariya ta ce manoma sun fara kai garmarsu wata maƙera. Ya ce su yi haƙuri, damina da saura.

Wata rana yana gwaji, sai ya lura muddin waya ta taɓa ƙarfen motar, magana ta ɗauke. Ya yanko robar tsohuwar taya ya raba su. Sannan ya yi tunani: in tsawo ake bukata, ai ana iya naɗe shi. Ya samo gora kamu biyu, ya naɗa mata wayar tagulla sawu-sawu, ya kafa ta kan rufin motar, nesa da injin da ke sa ƙara.

Lado da kansa ya hau gaba, Jaji na tuƙi. Suna gangarowa daga duwatsu, motar na girgiza, sai ga kiɗan kukuma ya fito, ƙasa-ƙasa amma tas. Jaji ya yi ihu har ya kusa sakin sitiyari.

"Kalli hanya," in ji Lado. "Kuma juya mu koma, naɗin ƙasan bai yi mini ba."

Kafin kaka, direbobin Garki ma sun san ƙofar maƙerarsa.