Ƙibar da Aka Sayo Ranar Kasuwa

A ƙasarmu Kurfai, zamanin ƙuruciyata, idan mace ta zo wankan jego gidan iyayenta, rumbu ake buɗe mata. Kunun kanwa da safe, fura da nono da hantsi, tuwon gero yana ninƙaya a man shanu, ga wata tsohuwa zaune a kanta tana cewa ƙara. Ranar arba'in, in an mayar da ita ɗakinta, dangin miji ba jariri suke fara dubawa ba, wuyanta da ƙugunta suke kallo. In ta cika zane, an fita kunya. In ta koma a rame, za a daɗe ana cewa gidan su wance ba hatsi. Zabarmawa maƙwabtanmu ma haka suke, har sun fi mu.

Yau kallon yana nan, hotunan waya ma sun ƙara masa kaifi. Rumbun ne ya ragu, shanun suka ƙare. Sai wata hanya ta shigo garin a cikin jakar hannu.

Na yi fataucin shanu da goro tsawon ƙarfina, daga Filinge zuwa Kumasi, Abijan da Lome, na kuma zauna Jidda bayan aikin hajji. Na ɗauka ba sauran abin da zai ba ni mamaki, sai ga shi a tsakar gidana.

Jikata, ƴar fari ga ɗana, ta zo jegon haihuwarta ta fari. Tun tana yarinya siririya ce kamar karan gero, ko tulun mai ta sha ba ya nunawa. Ni da ita wasa muke, ina ce mata amarya, tana ce mini tsoho. Wata ƙanwar mijinta ta zo ganin jariri, ta dube ta sama da ƙasa, ta yi dariya ta ce, "Kai, Kurfayawa! Geron naku ya ƙare ne, ko ɓoye shi kuke?" Aka yi dariya. Uwar yarinyar ba ta yi ba.

Na ce, "Ni haka nake son amaryata, ba ta cinye mini rumbu."

"Rumbun da ɓera ya shiga ya fito yana kuka?" in ji jikar tawa. "Tsoho, rufa wa kanka asiri."

Bayan kasuwa ta ci, sai na lura ta daina zama. Ta kawo mini fura ta tsaya a kaina. Nono ma a tsaye take ba yaron, ta jingina da bango.

"Amarya, tabarmata ƙaya gare ta?"

"In na zauna, wa zai kore maka ƙuda? Sha furarka."

Ta faɗa tana murmushi, amma goshinta na tsattsafo da gumi, leɓenta ya bushe. Da ta juya sai iska ta kawo mini wani wari. Wanda ya kora shanu har bakin teku ya san warin rauni da ya ruɓe daga ciki.

Ubanta ba zai tambaya ba, mutumin da ko sunanta ba ya faɗa saboda kunyar ƴar fari. Na kira surukata, uwar yarinyar. Ta durƙusa a bayan zana inda ba zan ga fuskarta ba.

"Baba, ƴar larura ce ta mata."

"Wace larurar mata ke wari? Don girman Allah, ɗiyata, yau ki ajiye kunya."

Sai ta fashe da kuka. Ashe wata madam ce ke zuwa ranar kasuwa, tana sauka gidan wata mai kitso, tana yi wa mata allura a mazaunai don su cika. Can suka kai jikar tawa aka yi mata. Madam ta gaya musu cewa in wurin ya kumbura ya yi zafi, alama ce magani ya kama, a riƙa gasawa don ya watsu. Ga kuma wankan jego safe da yamma. Duk lokacin da aka tafasa ruwa da ganye, sai su danna tsumma mai zafi a kan kumburin, yarinyar na cizon zane, su kuwa suna murna yana ƙara tashi. Har wata gwaggonta ta yi guɗa. Ruɓa suke gani suna ce mata ƙiba.

A amalanke muka kai ta likita, kwance rubda ciki. Likitan ya duba, ya fito yana cire safar hannu, ya ce da ni, "Alhaji, mi aka zuba mata?"

Na dubi surukata. Ta ce, "Allura."

"Na san allura ce. Mi ke cikinta? Mai ne? Magani ne? In ban sani ba, a makance nake aiki."

Ya ɗaura mata ƙarin ruwa, ni kuma na shiga gari neman amsa. Mai kitso ta rantse ba ta san sunan matar ba, madam kawai suke ce mata. Wata ta ce daga Yamai take, wata ta ce Lome, wata ta ce ƙetaren iyaka. Lambar wayar da ta bari ba ta shiga. Na bi gidaje ina sallama, tsoho da furfura yana tambayar mata abin da ke ƙarƙashin zanensu. Na roƙi wata da Zabarmanci, na roƙi wata da Fillanci. Wata ta karɓe ni tana zaune a karkace, da gefe guda, ta kalle ni ta ce ita ba ta taɓa jin labarin ba. Na cire hulata na ajiye a gabanta.

"Ɗiyata, ba tonon asirinki na zo ba. Jikata na mutuwa. Kwalbar kawai nake so in gani."

Sai ta ce a hankali, "Ba kwalba, Baba. A gorar ruwa take zuƙowa. Ba rubutu a jiki. In ta gama ta mayar jaka."

A Jidda, ko mai aski sai da takardar izini a bango. A Abijan na ga masu irin wannan sana'a, amma a ɓoye suke yi, suna waige. A nan an shimfiɗa mata tabarma, an dama mata fura. Na je wani ofishin hukuma na yi bayani da Faransancin da nake taƙama da shi. Mutumin ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Alhaji, ba ta da shago, ba ta da suna. Wace ƙofa za mu rufe?"

Na koma likita hannu rabbana. Zazzaɓin ya ƙi sauka, aka ce mu wuce Yamai. Muka kwantar da ita a kujerar baya ta motar haya, kanta a cinyar uwarta, jaririn na kuka yana neman nonon da ya fara ƙafewa. Kowane rami a hanya sai ta yi ƙara. Ina gaba ina jan carbi, ban san abin da nake karantawa ba. Can ta ce, "Tsoho."

"Na'am, amarya."

"In ban tashi ba, kada ka bari a ce uwata ta kashe ni. Ni na ce ina so."

Na ce wa direba ya taka, sannan na ce ya sassauta, sannan na sake cewa ya taka.

A Yamai suka yanka wurin. Likitan tiyata ya ce sun kwashe ruɓaɓɓen nama da wani abu mai maiƙo da shi ma bai san ko mene ne ba, kuma wani sashe nasa ya riga ya shige cikin tsoka, ba ya fitowa. Suka sake yanka, suka kuma sakewa. Arba'in ta zo ta wuce tana kwance rubda ciki.

Ta rayu, alhamdulillahi. Nononta bai dawo ba, da madarar gwangwani da nonon akuya aka raini yaron. Jijiyar ƙafarta ta hagu ta mutu. Jan ƙafar take yi in tana tafiya, kuma likitoci sun ce haka za ta ja ta har ƙarshen rayuwarta.