Rufin Ɗakin Inna

Ana saura shekara biyu Turawa su miƙa mulki aka yi shelar gwanjon wani gida a Ƙofar Wambai. Gidan gado ne, magada sun kasa daidaitawa, alƙali ya ce a sayar a raba. Ni kuwa tela ne a Gwallaga, shekara tara ina taka keken ɗinki da burin in fitar da Inna, mahaifiyata, daga gidan haya. Tun ban ga gidan ba na riga na saye shi a zuci.

Ana gobe gwanjo na roƙi kawuna, wanda magini ne, muka je dubawa. Shi bai damu da kyan shafe ba. Ya ce gidan ƙasa ta ka yake mutuwa, sai an hau rufi an taka an ji lafiyar azara. Da yake ni siriri ne kamar sillen kara, ni aka kafa wa tsani.

Rufin zaure garau yake. Amma da na taka na babban ɗaki, wanda na riga na ba Inna a raina, sai na ji ƙasa ta lotsa a ƙarƙashin diddigena. Gara ta gama da azara. Kawu ya tambaya daga tsakar gida, "Yaya ka ji shi?"

"Lafiya lau, Kawu," na ce. Na san idan na faɗi gaskiya ba zai bari in yi tayi ba. Son zuciya, ɓacin zuciya.

Na ɗaga ƙafa zan koma, wani abu ya yi ƙas. Na daskare. Sai na ji tarin Kawu, ba a tsakar gida ba, a ƙarƙashina. Ya yarda da maganata, ya shiga ɗakin. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina jin ƙasa na zubowa a cikin ɗakin.

"Kawu, don girman Allah ka fita," na ce. "Ƙarya na yi."

Da jan ciki na kai bakin indararo. Da na sauko na tarar da shi yana kakkaɓe ƙasa daga hularsa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni ɗin. Ya dubi ƙofar ɗakin, ya dube ni, ya ce, "A nan za ka kwantar da ƙanwata da damina?"