Ranar da Aka Ba Suruki Ƙwai

Ni dai kaji ba su taɓa burge ni ba. Shinge ɗaya ne tsakanina da Maman Barasa a nan bayan kasuwar Chwele, kuma tun da aka kawo ni garin nan ina amarya kajin gidanta ke kiwo a cikin ganyena kamar ubansu ne ya shuka. Na yi faɗa, na yi jifa, na kai ƙara wajen mijinta tun yana da rai. Duk a banza. Sai ta leƙo ta saman shinge tana murmushi ta ce, "Maman Wekesa, yi haƙuri, ai ba nawa ba ne, na yara ne." Abin haushin kuma, gaskiya take faɗa.

Sunanta na yanka Rosbela Namalwa, amma sai a coci ake jin sa. 'Yar gajeriya ce mai saurin tafiya, da albasa ta yi wa 'ya'yanta biyar karatu, tana zaune a kan buhu a kasuwa rana da ruwa. Yanzu duk sun watse, wasu Nairobi, wasu Eldoret. Da an ba da hutun ƙarshen shekara sai ka ga motocin haya suna sauke mata jikoki a bakin hanya da jakunkunansu masu taya. Daga baya har 'ya'yan abokan 'ya'yanta aka fara haɗowa. Wai a birni akwai sansanin hutu inda ake biyan kuɗi mai tsoka a koya wa yara tattali. 'Yarta Naliaka ta taɓa kai ɗanta, ya dawo da hula da waƙa ɗaya, ranar kuma ya nemi a saya masa sabuwar waya. Daga nan aka ce a dinga turo su wajen Kukhu, haka yara ke kiran kakarsu a nan.

Ita ba ta da allo, ba ta da alli. Kashegarin zuwansu za ta jera su a tsakar gida, ta danƙa wa kowa kaza ɗaya, ta ɗaura wa kazar ƙyalle a ƙafa, kowa da launinsa. Sai ta yi musu huɗubarta wadda na haddace ta bayan shinge: "Daga yau taka ce. Ta yi ƙwai naka ne, ta mutu asararka ce. Dusa ba kyauta ba ce, ni ke sayarwa. Kuma ba mai taɓa maka ita sai da yardarka, ko da ni ce."

Kai, mun sha kallo! Akwai wanda ya soye ƙwansa duka a makon farko, da ya zo neman dusa ba ko sisi, sai da ya yi mini ɗiban ruwa na biya shi. Akwai wanda ya sayar da tasa ranar kasuwar farko ya sha alewa har haƙori ya kama shi, ya ƙarasa hutun yana leƙen akurkin 'yan'uwansa. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma ba shi wata ba. Ranar Litinin takan kora su kasuwa da ƙwai a kwano, ta samu gefe ta zauna wajen tsofaffin abokan sana'arta, ta zuba musu ido. Ko cutar yaro ake yi ba za ta motsa ba. Sai a hanyar dawowa ta ce, "To, me ka gani yau?"

Sau ɗaya tak ta taɓa gaya mini dalili, muna ɓarar masara. Ta ce tana ƙarama kawunta ya ba ta kaza, kamar yadda ake yi wa yaron da ya je ziyara gidan kakanninsa na wajen uwa. Ta kula da ita kamar ƙanwarta, har ta gama lissafin yadda kazar za ta zama akuya. Wata rana ta dawo daga rafi ta tarar da gashi warwatse a bayan ɗaki, babanta ya yi baƙo. Ba wanda ya ce mata uffan. Kuma a wancan zamanin mace ba ta cin kaza a ƙasarmu, ko romon ba ta lasa ba. Mu dai tuni muka watsar da wannan, ni kam har ƙashi nake taunewa. Ita kuwa har ta yi furfura ba ta taɓa sa naman kaza a baki ba. Ta ce ba ya wuce mata maƙogwaro.

Shekarar da nake son ba ku labari, annoba ta shigo ta share kajin unguwarmu kaf. Ni kaɗai na yi barci da daɗi. 'Yan kaɗan da suka tsira a gidan Maman Barasa ta raba wa yara, ba ta bar wa kanta ko ɗaya ba. Da Kirsimeti ta matso kaza ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, yaran kuwa sun koyi karatu, suka kwashe nasu suka sayar suna ta washe baki. Mutum ɗaya ce ta ƙi: Nakhumicha, 'yar Barasa, yarinya 'yar shekara tara da ba ta cika magana ba. Kazarta baƙa ce mai jan ƙyalle, ta sa mata suna Madam, tana kuma tara ƙwan a tukunya don ta sa mata kwanci.

Akwai autan Maman Barasa, Situma, wanda ya daɗe yana neman wata malamar makaranta daga Kimilili. An yi da mahaifin yarinyar, Dattijo Wabwile, zai zo ganin gida bayan sabuwar shekara. Sai ga shi kwatsam wata Alhamis da hantsi, shi da ƙannensa biyu, wai sun je jana'iza nan kusa suka ga bai kamata su wuce ba. Kowa ya san abin da ake yi wa suruki a ƙasar nan. Ko bara kake yi sai ka yanka masa kaza, ka sa ƙundun a gabansa da hannunka. In ya tashi bai ga ƙundu ba, to ka gaya masa bai isa ba ke nan, ba sai ka buɗe baki ba.

Maman Barasa ta zaunar da su a ƙarƙashin mangwaro, ta kawo shayi, ta zagayo bayan ɗaki tana kirana da hannu. Situma ya hau babur ya zaga unguwa, ya dawo yana gumi. Babu. Ba ranar kasuwa ba ce, wanda ke da ɗaya kuwa ya ɓoye wa nasa bikin. Sai dukanmu uku muka juya muka kalli Madam, tana tonon ƙasa a gindin shingena, inda ta saba yi mini ɓarna.

Aka kira Nakhumicha. Kakarta ta durƙusa daidai tsayinta, ta sassauta murya.

"Uwata, ciniki na kawo miki. Sayar mini da Madam."

"Ba ta sayarwa ba ce, Kukhu."

"Zan ba ki kuɗin kaza biyu."

"Ke kika ce in mai saye ya zo yana haki, kada a yi saurin amsa masa."

Na toshe bakina da zane. Maman Barasa ta harare ni, ta koma kan yarinyar. "To, kuɗin uku. Ranar Litinin ki zaɓi wadda kike so a kasuwa."

"Kin ce kada a sayi kaza a kasuwa lokacin ciwo. Kuma kin ce a sayar da 'ya'ya, a bar uwa."

"Ni na ce haka?"

"Har sau biyu."

Situma dai haƙurinsa ya ƙare. Ya ce, "Haba Mama, wai da 'yar wannan ake ciniki? Aurena fa ake magana! Gobe na saya mata goma." Kafin a ce wani abu ya daka tsalle ya cafke Madam, ya zaro wuƙa daga bangon kicin. Ni ma, Allah ya sani, bayansa na bi. Na ce, "Ke Maman Barasa, ki bari ya yanka. Yaro ne, ya yi kuka ya manta. Kunyar nan ba za ki iya ɗaukarta ba."

Nakhumicha ba ta yi ihu ba, ba ta roƙi kowa ba. Ta tsaya ƙiƙam, hannuwa a baya, hawaye na zuba, kakarta kawai take kallo. Maman Barasa ta daɗe tana duban yarinyar. Na san ba mu take gani ba.

Ta ce, "Situma, saki kazar mutane."

"Mama!"

"Na ce saki. Ba tawa ba ce, ba taka ba ce. Wai ta yi kuka ta manta? Maman Wekesa, kin ga na manta?"

Situma ya saki kazar. Madam ta dira ƙasa tana ƙorafi, ta nufi ganyena kai tsaye. Yarinyar ta share fuska da gefen riga, ta ɗan yi tunani, ta ce, "Kukhu, ƙwai dai zan iya sayar miki da rabinsu. Amma farashin Kirsimeti ne." Ta kuwa karɓi kuɗinta a hannu kafin ta buɗe tukunyar.

Haka aka kai wa Dattijo Wabwile tuwon masara da soyayyen ƙwai da ganye. Ganyen nawa ne, kuma ni ban ga sisi ba. Ya wanke hannu, ya buɗe kwanon farko, ya buɗe na biyu, ya ɗaga kai yana duban hanyar kicin ko akwai na uku. Ƙannensa suka sunkuyar da kai. Situma ya tsaya a jikin mangwaro kamar wanda aka kama da sata. Ana cikin wannan shirun sai ga Madam ta ratso tsakar gida a hankali, tana taku ɗaya-ɗaya, ta zo ta tsaya daf da takalmin baƙon tana tsattsagar tuwon da ya faɗi.

Dattijon ya dube ta, ya ce, "Ashe annobar ta bar muku wani abu. Wannan kuwa da lafiyarta, tubarkalla."

Maman Barasa ta ce, "Lafiyarta lau, Baba. Sai dai ba tawa ba ce. Na nema an hana ni. Ga mai ita nan."

Ya kira Nakhumicha, ya ciro walat, ya ce ta faɗi kuɗinta. Ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta ce ba ta sayarwa ba ce, amma in yana son ɗan tsako ya dawo bayan wata biyu. Bai yi dariya ba. Ya ci abincinsa rabi, ya yi godiya a taƙaice, suka tafi.

Ranar na tausaya wa Maman Barasa ƙwarai. Labari ya zaga har coci, mata suna ta ƙus-ƙus wai Rosbela ta ba suruki ƙwai. Situma ya koma Eldoret bai yi mata sallama ba. Ta rame, ta daina leƙo shinge. Ana gobe yara za su koma na samu Nakhumicha tana ba Madam dusa, na ce, "Ke 'yar nan, kin san abin da kakarki ta yi miki kuwa?" Na kwashe labarin kazar kawu na gaya mata tas, don ni ba na iya riƙe magana. Ta saurara har na gama. Ta bar Madam a hannun kakarta bisa sharaɗi: duk ƙyanƙyasa, tsako ɗaya na mai kiwo ne.

Sai wajen watan uku saƙo ya zo daga Kimilili. Dattijo Wabwile ya ce a zo a yi maganar shanun aure, amma a gaya wa Maman Barasa ta taho da ƙwanta, don shi ma kajin gidansa na jikoki ne. Har yau in aka haɗu a taro sai ya nuna ta da sanda ya ce, "Ga matar da ta yi mini rowar ƙundu." Ita kuma ta ce, "Ga mutumin da ya kasa ciniki da 'yar shekara tara."

Da hutun watan takwas Nakhumicha ta dawo. 'Ya'yan Madam sun girma, sun gama da ganyena. Tun kafin ta cire takalmi ta zaɓi zakara mafi ƙiba, ta kawo wa ɗana Wekesa ya yanka, ta ce in koya mata dahuwa a kicin ɗina kada Kukhu ta ji ƙamshi. Da azahar ta ɗauki kwano a rufe, na bi ta a baya don wannan ba ya wuce ni. Maman Barasa na zaune a kan tabarma tana gyaran wake. Yarinyar ta durƙusa, ta ajiye kwanon a gabanta, ta buɗe. Ƙundu ne a sama.

Tsohuwar ta dubi kwanon, ta dubi jikarta. Ta yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, ta kama kunce bakin zaninta inda take ɗaure kuɗi. "To, 'yar kasuwa, nawa zan biya?"

"Ba na sayarwa ba ne, Kukhu. Nawa ne, na ba ki."

Maman Barasa ta saki bakin zanin. Ta ɗauki ƙundun da yatsu biyu, ta gutsura. Ta daɗe tana taunawa, hawaye na bin kumatunta, ni ma na juya ina gyara ɗankwali. Da ta haɗiye sai ta ja hanci ta ce, "Maman Wekesa, ke kika sa gishirin nan ko? Ya yi yawa." Ta miƙa hannu ta ɗauki cinya.