Ledar da Muka Binne a Bokitin Na'ana'a

Lokacin muna unguwar Gubaira a birnin Riyad, a saman wani gareji, maigidana yana tuƙa motar kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ni kuwa daga ɗaki sai kicin. Ba na son fita, amma ina son baƙi. Baƙona na kowace Juma'a shi ne ƙanin maigidan, mai karatu a jami'a nan Riyad. Tuwo yake biyowa.

Wata Juma'a ya tarar zan wanke jarkar manja, irin wadda mutanenmu ke taho mana da ita daga gida.

"Matar yaya, kar ki zubar. Dattin nan na gindi nake so."

"Dakta, a jami'ar taku ba a ba ku abinci ne?" Bai zama dakta ba tukuna, tsokana ce.

Ya zauna ya yi mini bayani yadda zan gane. Wai akwai halittun da ido ba ya gani, in aka ciyar da su dattin manja sai su tara kitse, da kitsen ake yin ledar da ƙasa ke cinyewa. Na ce ashe kiwo kake yi. Ya ce kiwo ne mana. Ya tuna mini akuyar Innarsu da ta yi ta ramewa, da aka yanka aka tarar cikinta cunkus da leda. Tun daga ranar na hana matan unguwa wanke jarka, sai an tara masa dattin.

Ya yi ledarsa, sirir kamar ɓawon albasa. Sai wata Juma'a ya zo ya bar tuwo rabi. Ashe ya binne ta a bayan ɗakin gwajinsu makonni, ya tono, tana nan garau. Malaminsa ya ce in ba ta ruɓe a ƙasa ba, aikin zai koma farko. Shekara guda ke nan, ga matarsa a gida tana jira.

Na ce, "A rairayin nan ka binne? Ko ɓawon lemo ka yar, bushewa yake yi."

"Na sani, matar yaya, har ruwa na zuba. To ina zan samo ƙasa mai rai a garin nan?"

Na ce ya biyo ni saman bene. Ina da tsohon bokitin fenti da na shuka na'ana'a. Shekaru ina zuba masa ganyen shayi, da ɓawon albasa, da kashin ragon layya, ruwansa kuwa wanda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigowa. Ya ɗebi ƙasar ya shinshina. Ya ɗaura wa ledar zare muka binne.

Abin da ya burge ni da shi ke nan: kowace Juma'a sai ya tono, ya auna, ya rubuta. Makon da ba abin da ya canza, haka yake rubutawa. Maigidan ya ce, "Kai kuwa, ka ce ta ɗan ragu mana, wa zai sani?"

Ya ce, "Yaya, in na rubuta ƙarya, akuyar wani ce za ta ci."

Sannu a hankali ledar ta fara huda-huda, kamar zanen da asu ya ci. Ranar nan ya tono, ya sake tonowa, zaren kaɗai ya fito. Ya zauna daɓas a siminti da farar jallabiyarsa.

"Matar yaya, ara mini bokitin."

"Da sharaɗi, a dawo mini da shi da ransa."

Ya rungume shi har bakin titi, masu gareji suna tambaya ko sana'a ya canza. Malamin ya sa sun sake gwadawa da ƙasata, ya karɓi aikin. Bokitin ya dawo, amma an tsinke rabin na'ana'ar, wai duk ɗakin gwajin da ita suke shayi. Ranar malmala uku ya ci, ban tsokane shi ba sai da ya wanke hannu.