Ruwan da Laminu Bai Sha Ba

Shekara tara ke nan cif da muka ɗauko ƙanena Laminu daga gindin wata aduwa a hanyar Kelle, kekensa na jingine a gefensa ko ƙwarzane babu. Shekara tara ina ba mutane labarin rasuwarsa yadda na ɗauka ta faru, sai a bazarar bana na gane ashe ban san komai ba.

Ga wanda bai san mu ba, mu 'yan Damagaram ne, kasuwanci ya kawo mahaifinmu Gure, ya rasu ya bar mana shago a bakin kasuwa. Ni na riƙe shagon, Laminu ya riƙe keke. Irin mai kaurin taya ɗin nan ne mai giya barkatai, na hawan dutse, kuma ya fi wanke shi a kan yadda yake wanke rigar jikinsa. In na yi masa tsiya sai ya ce ai rigar ba ta taɓa kai shi Gidigir ta dawo da shi ba.

A shekarar, samarin gari suka shirya tseren juriya: a tashi daga Gure a nufi wajen Kelle, a ratsa tuddan rairayi, a hau duwatsu, a juyo. Tsakiyar bazara ce, lokacin da ƙarfen ƙofar shago ba ya taɓuwa tun da hantsi. Ni aka ɗora wa sha'anin ruwa. Wurin shan ruwa na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, don daga shi sai doguwar tafiya cikin rairayi, babu rijiya babu inuwar kirki har gari. Sai na zaɓi lambun Malam Bukar, a wani kwari mai goruba da rijiya mai sanyi. Malam Bukar shi ne mahaifin Falmata, wadda Laminu ya aura wata huɗu kafin nan. Har ina yaba wa kaina dabara, wai na gida ne, ba zai yi sakaci ba.

Bayan azahar mahaya suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, baƙi ƙirin, harshe a waje. Laminu da aka ce shi ke kan gaba, shiru. Muka bi sawu da mota. Mun same shi a zaune, gorunansa biyu a bushe ƙarau, fatarsa zafi zau amma babu ɗigon gumi. Ya dube ni ya tambaye ni ko na rufe shago. Kafin mu kai asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zafi ne ya ci ƙarfin jikinsa, da ya samu ruwa ya ɗan huta, wataƙila da labari ya sha bamban.

Sauran mahaya duk sun shaida cewa ruwa na nan maƙil a lambun Malam Bukar. Sai na yanke hukunci ni kaɗai: Laminu bai tsaya ba, ya wuce don kada a cim masa. Na san kwana ne ya ƙare, amma haushinsa ya zauna mini a rai tare da kewarsa. A majalisa, a shago, a gaban samarin da ke sha'awar keke, na sha faɗa cewa garaje da son a ce shi ne na ɗaya suka kashe ƙanena. Mutane suka ɗauka, har ya zama abin da ake tuna shi da shi.

A bana Malam Bukar, wanda tsufa da ciwon ƙafa suka zaunar, ya aiko in je. Na same shi a lambun, a tabarma a ƙarƙashin goruba. Bayan gaisuwa ya ce:

"Ɗana, na ji kana cewa mijin Falmata bai tsaya ba. Ya tsaya."

Na ce, "Baba, ya tsaya?"

Ya ce, "Masu rabon ruwa sun gangara rijiya ɗebowa, ni kaɗai ya tarar. Tun daga nesa ya sauka, ya tuɓe hular kwano, ya tuɓe takalmi a kan rairayin nan mai ƙuna, ya durƙusa ya gaishe ni. Na miƙa masa moɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce, 'Na ƙoshi, Baba, da saura a gorata.' Ina ganin leɓɓansa a tsattsage. Ni ma nauyin baki ya hana ni matsa masa. Ya tura keken da hannu, sai da ya sha kwana ya hau."

Tsohon ya share ido da hannun riga ya ce, "Da na ajiye moɗar na shiga cikin goruba kamar zan duba wani abu, da ya sha. In juya baya kawai, ɗana. Ban juya ba."

Wallahi ba tsohon kaɗai ke da alhakin wannan ba. Ni ne babban wa, ni na zaunar da Laminu ana jibi ɗaurin aurensa na karanta masa yadda ake zama da surukai: ba a ci a gabansu, ba a sha a gabansu, ko yunwa za ta kashe mutum. Da wannan bakin nawa na ce ko za ta kashe mutum, muna dariya. Sannan ni ɗin dai na ɗauko surukinsa na ajiye shi a kan ruwan ƙarshe.

Ina yawan tambayar kaina me Laminu zai ce da ya ga Gure ta yau. Tseren an mai da shi lokacin sanyi. Mahaya na goye da jakar ruwa a baya, tiyo a baki, suna sha ba tare da kowa ya gani ba. Wannan kam na san da sai ya kwance ta ya ga yadda aka ƙera. Angwayen yanzu kuma su zauna da surukansu a faranti ɗaya har a ɗauki hoto a waya, ni ne kan gaba wajen yi musu tsaki. Tun da na dawo daga lambun nan ban sake yi ba. Ban ce a zubar da kunya ba, ita ce ta sa ake ce wa ƙanena ɗan gidan mutunci. Amma ban ƙara iya yi wa wani yaro huɗubarta da bakina ba.

Akwai wata randa a bakin hanya daura da lambun, da moɗa ɗaure da igiya, an kewaye ta da zana ta yadda na cikin lambu ba ya ganin mai sha. Tun shekarar rasuwar Laminu Malam Bukar ya kafa ta, kullum a cike. Na sha daga cikinta sau ba adadi, har na taɓa yi wa tsohon dariya a raina, na ce wa ke ɓoye sadaka a bayan zana. Ran nan da zan tafi na tsaya, na cika moɗar, na kasa kai ta baki.

Duk wanda ya taɓa jin na ce garaje ne ya kashe ƙanena, ina roƙonsa ya yafe mini, ya kuma gyara a inda ya maimaita. Shi ke kan gaba a tseren, ƙishirwa na cin sa, amma ya sauka ya tuɓe takalmi ya gaida babba. Allah Ya shayar da kai daga Alkausara, Laminu. Ka tsaya, ni ne ban sani ba.