Layin Inna da Tafiyata Dutse

Garki

Bayan sallar asuba na bar gida, hula a kai, takardu a leda. Wani ƙaramin kamfani mai ajiye bayanan manoma a Dutse ya ɗauke ni aiki, da sharaɗin in buɗe shafina a kwamfutarsu ranar nan, in ba haka ba a kira wanda ke bayana a layin neman aikin. Bas ɗin ba ta cika da wuri ba. A shingen 'yan sanda direba ya ɗaga hannu kawai, suka ɗaga masa.

"Sun san ni," in ji shi. "Kai ma in ka daɗe za su san ka."

Dutse

Na hau adaidaita zuwa Yalwawa, inda kamfanin yake. Malam Sabi'u, mai kula da kwamfutocin, ya yi mini bayani: tsarinsu ba ya yarda da kowa, ko manaja ne, ko yana zaune a cikin ofis. Kowane shiga sai an sake tantance mutum da na'urarsa. Na gyaɗa kai, kodayake ba zan ce na gane duka ba.

Na sa kalmar sirri, kwamfuta ta ce ta tura lamba zuwa waya. Wayata shiru. Can na tuna: lokacin da na nemi aikin an sace tawa, layin Inna na bayar.

Na kira ta.

"Inna, ni ne Habibu. Wata lamba ta shigo, a karanto mini."

"Habibuna ya ce ko da muryarsa aka tambaye ni lamba, kada in faɗa."

"To ai ni ne na faɗa, Inna."

"Haka ya ce za ku ce." Ta kashe.

Na roƙi Malam Sabi'u ya buɗe mini, tunda ga ni ga shi.

"Ni na gan ka, ita ba ta gan ka ba," ya ce yana nuna kwamfutar. Da ƙyar ya ɗaga mini zuwa gobe.

Gida

Ana kiran magariba na shiga. Inna ta dube ni da kyau.

"Wani ɗan damfara ya kira ɗazu, muryarka sak."

Na ce ni ne, kuma ina roƙon aron wayar. Ta soke ta a zani.

"Gobe tare za mu. Ni zan karanta wa kwamfutar da bakina."

Alhamdulillahi da na dawo lafiya, kuma aikin bai kuɓuce ba tukuna. Na gode wa Malam Sabi'u. Ina jin ya kamata in gode wa Inna ma, sai dai har yanzu ban tabbata ba.